Wane jirgin yaƙi ne Babanmu ya zana a jikin wannan katako?

Ɗan Gangare:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Makon jiya muna kintsa ɗakin marigayi Babanmu a Gangare, nan Jos, sai ga wani falankin katako a bayan akwatinsa, naɗe cikin tsohon bargo. Baba mai zanen jikin manyan motoci ne, zaki da ɗawisu da bishiyar dabino su ne aikinsa. Amma wannan jirgin sama ne, da fentin mota ya yi shi. Ruwan azurfa, hancinsa a buɗe kamar bakin tarwaɗa, fikafikan sun kwanta baya, ga kore da fari da kore a jiki, mutum ɗaya a ciki. Daga ƙasa ya rubuta 1968. Hajiyarmu ta ce lokacin yana yaron mota, suna kai kaya Makurɗi. Tun ranar na kasa daina kallonsa. Don Allah wa ya san jirgin?

Malam Na Bukur:
Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan Baba, ya sa ya huta. Yadda ka siffanta shi, MiG-17 ne, ƙirar Tarayyar Sobiyet. A watan Agustan 1967 aka fara kawo wa Najeriya su ta Kano, yaƙin basasa bai daɗe da ɓarkewa ba. Rundunar sojin samanmu a lokacin shekararta uku kacal, don a 1964 aka kafa ta, shi ya sa da farko matuƙa 'yan Masar suka riƙa tuƙa su. Wannan buɗaɗɗen hancin kuwa ta nan inji ke shaƙar iska. Kuma Makurɗi na cikin filayen da suka riƙa tashi, ka ga maganar Hajiya ta zo daidai.

Maman Sadik:
Malam, anya ba L-29 ba ne? Shi ma an yi aiki da shi a yaƙin, a cikinsa ne ma Kanar Shittu Alao, shugaban rundunar sojin sama na lokacin, ya rasu a 1969.

Malam Na Bukur:
A'a Hajiya. L-29 ɗan Chekoslobakiya ne, fikafikansa a miƙe suke, kujera biyu gare shi, hancinsa kuma a rufe. Ɗan Gangare, ka duba saman fiffiken da kyau. Idan ka ga wasu 'yan siraran ƙarafa a tsaye, ƙirga su. MiG-15 biyu ne da shi a kowane fiffike, MiG-17 uku.

Maman Sadik:
To, na ƙaru, Allah ya saka. Ni dai roƙona, ƙanina, kada ka wanke shi da ruwa ko kananzir. Busasshen tsumma mai laushi ya isa. Ka ɗaga shi daga ƙasa, ka san damunar Jos, danshi zai kumbura katakon fentin ya ɓare. Idan ka samu hali wata rana, gidan tarihin yaƙi na Umuahia na da jiragen wancan zamani a ajiye.

Ɗan Gangare:
Malam, yanzu na fito da shi tsakar gida na duba a hasken rana. Uku ne, a kowane fiffike! Da na ɗauka buroshi ne ya zame masa. Ashe Baba tsayawa ya yi ya ƙirga su. Na nuna wa Hajiya, ta daɗe tana shafa wurin da yatsa ba ta ce komai ba. Gobe in Allah ya kai mu zan kai wa kafinta ya yi masa firam da gilashi.