Mai kuɗi ya fito takara: ku masu rufin asiri, me ya faru da ƙuri'arku?

Malamin sakandare, Arkilla

Assalamu alaikum. Gardama ce ta kaure mana a ɗakin malamai ranar Alhamis, har aka kaɗa ƙararrawa ba mu gama ba. Wani abokin aikina ya ce shi da zarar ya ga ɗan takara da jerin gwanon motoci, ya gama da shi. Wata malama ta ce ita mai kuɗin take so, wai wanda ya ƙoshi ba ya wawurar tukunya.

Ni dai na san abin da na yi. A 2014, lokacin da Buhari ya ce sai da ya ci bashin banki ya sayi fom ɗin takarar shugaban ƙasa na naira miliyan 27.5, raina ya kwanta da shi, har na tura gudunmawa daga albashina. Rashin kuɗin nan da ya nuna shi ne ya ja ni. Yau kuwa da buhun shinkafa ya fi ƙarfin mafi ƙarancin albashin da muka sani a wancan lokaci, ban san ko zan sake yin hukunci da wannan ma'auni ba. Ma'aikata, masu shaguna, ma'aikatan asibiti, ku faɗa mana abin da ya same ku da kanku, ba abin da kuka ji a rediyo ba.

Mai shagon atamfa, babbar kasuwa

Wa alaikumus salam, Malam. Mu nan kasuwa ba mu gaba da arziki, shi muka fito nema. A 1999 munka zaɓi Bafarawa gwamnan Sakkwato muna sane ɗan kasuwa ne, ba wanda ya ce kuɗinai laifi ne. Abin da mu ka tambaya guda ne: ina ya samo?

Wanda munka san shagonai, munka san ubangidan da ya yaye shi, munka ga shekarun da ya yi yana tarawa, wanga ba mu da magana da shi. Amma akwai wani da na sani, ma'aikaci ne, shina karɓar yadi biyar wurina bashi, sai ƙarshen wata ya biya, wani lokaci ma sai na aika yaro. Anka ba shi wani muƙami. Shekara huɗu ba ta cika ba ya gina gida mai ƙofa biyu, ya zo shagona da kanai ya ce in haɗa mai turmi ɗari uku na rabon mata, zai fito takara. Ko ragi bai nema ba. Na sayar mai, na ƙirga kuɗina, na yi mai addu'a. Ranar zaɓe na dangwala wa wani. Albashin gwamnati ba asiri ba ne, Malam, kowa na iya lissafa shi.

Ma'aikaciyar jinya, Mabera

Alhaji, kai ko ba komai ka ci riba. Mu me muka samu?

Wani ɗan takara ya shigo ɗakin da nake aiki a wani asibiti, da masu ɗaukar hoto a bayansa. Ya biya wa majinyata kuɗin magani, ya ajiye wa kowa ambulan a gefen gado. Wallahi na ji daɗi saboda su, akwai wata tsohuwa da ta kwana uku ba a sayo mata allura ba. Amma a wannan makon da kuɗinmu muke sayen safar hannu, dare kuma da fitilar waya muke neman jijiya idan wuta ta ɗauke. Bai tambayi ko ɗaya daga cikinmu yadda aikin yake ba. Ya gaishe mu dai, ya wuce.

A nan na gane inda muke. Ban isa a kira ni a ba ni kwangila ba, kuma ba zan iya shiga layin taliya da sabulu ba, mutuncina ba zai bari ba, ga shi unguwa duk an san ni. Kuɗinsa na sama ne da na ƙasa, tsallake mu yake yi. Abin da nake so a wurinsa, wato albashi a kan lokaci da kayan aiki da makarantar da zan kai 'ya'yana ba tare da na shiga adashi biyu ba, ba daga aljihunsa zai fito ba. Shi ya sa kyautarsa ba ta motsa ni.

Ɗan fansho, Runjin Sambo

'Yata, maganarki gaskiya ce, amma ku duka kun makara da tambayar. Kafin ta iso gare ku an gama.

Da na ajiye aiki, mutanen garinmu suka matsa in nemi kujerar majalisar jiha. Na ɗauka shekara talatin da biyar ba tare da takardar tuhuma ko ɗaya ba wani jari ne. A 2022 fom na majalisar jiha a APC naira miliyan 2 ne, na gwamna miliyan 50, na shugaban ƙasa miliyan 100. Fom ɗin ma shi ne mai sauƙi. Deliget, masu zaɓen fid da gwani na jam'iyya, su ne aikin. Kowa ka je gaishe shi sai ka ajiye na goro, in an yi haihuwa kai ne, in an yi rasuwa kai ne, ga man mota, ga abincin yaran da ke bin ka. Na sayar da fili ɗaya, na ga alamar na biyu zai bi shi, uwargida ta ce ita ba ta yarda ba. Na janye.

Wani babba ya aiko a gaya mini zai ɗauki nauyina. Na gode masa, na ƙi, don na san ranar biya tana zuwa. Tun daga nan na daina ruɗuwa da ɗan takara talaka. In ka ga marar kuɗi ya kai ga akwati, nemi wanda ke tsaye a bayansa. Gara mai kuɗin da nake gani da ido da ubangidan da ba a buga hotonsa a fosta ba.

Dattijo, Ƙofar Rini

Na yi zaɓen 12 ga Yuni 1993. Abiola attajiri, Tofa ma attajiri. Abiola ya kayar da Tofa a Kano, gidan shi Tofa ɗin, mu nan Sakkwato Tofa munka bi. Ba wanda ya auna dukiyar wani, jam'iyya da maganar manya anka duba. Kafin nan kuma Shagari, malamin makaranta, shi munka yi wa ruwan ƙuri'a a 1979. Garin ga ya zaɓi mai shi, ya zaɓi marar shi.

Ma'aikacin banki, Gawon Nama

Baba, Allah ya ƙara girma. Ni abin da na gani daban ne. A zaɓen Fabrairun 2023, lokacin ƙarancin takardun naira, mun yi zaton tunda ba tsabar kuɗi to ba sayen ƙuri'a. A rumfarmu na ga ana rubuta lambobin asusu a littafi, ana cewa za a turo. Wasu har yau suna jira.

Amma abin da ya fi damuna shi ne abokaina. Mu bakwai muke zama majalisa da yamma, duk masu digiri, duk muna zagin masu kuɗin siyasa a waya. Mu biyu muka fita zaɓe. Sauran suka ce rana ta yi zafi, kuma an riga an saye. A jihar da aka raba gardamar kujerar gwamna da ƙuri'a 342 a 2019! To ko dukiyar ɗan takara ta ɓata mana rai, ɓacin ran da ya kwana a ɗaki bai rage masa komai ba, kuma ya san da haka.

Malamin sakandare, Arkilla

Na nuna wa malamar nan amsoshinku. Ta ce har yanzu tana kan bakanta, sai dai ta yarda ta taɓa zaɓen wani da ya ƙoshi, ya hau kuma ya nemi ƙari. Abokin nawa ya ce maganar Baba ɗan fansho ta hana shi barci, don wanda ya zaɓa bara waccan saboda tsohuwar motarsa, yanzu bai san wa ke juya shi ba.

Alhaji, wannan mai turmi ɗari ukun, ya ci zaɓen kuwa?

Mai shagon atamfa, babbar kasuwa

Ya ci, Malam. Bana ma ya aiko a tanadar mai ɗari biyar.