Takin tsirran akwatin kifi: kowa ya faɗi yadda yake zubawa da abin da ya gani

Mai akwati ɗaya, Kano

Assalamu alaikum 'yan'uwa masu kiwon kifin ado. Akwatina na gilashi lita 100 ne. Akwai Vallisneria a baya, Amazon sword biyu a tsakiya, Anubias ɗaure a jikin itace, sai 'yan ƙananan kifaye. Da farko komai kore shar. Yanzu tsofaffin ganye suna yin ruwan ɗorawa daga baki, wasu duk sun huhhuje, na sayi takin kwalba na zuba, sai gansakuka ta lulluɓe gilashin. Na karanta hanyoyi iri-iri har kaina ya ɗaure. Abin da nake roƙo shi ne kowa ya faɗi abin da shi ya yi da hannunsa: girman akwatinsa, irin fitilarsa, ruwan da yake amfani da shi, da yawan ruwan da yake canzawa. Allah ya saka da alheri.

Malamin kimiyya, Zariya

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ni hanyar da ake kira EI (Estimative Index, wato zuba taki bisa ƙiyasi) nake bi, wadda wani Ba'amurke, Tom Barr, ya yaɗa. Kafin ita, masu wannan harka sun ɗauka fosfet ne ke haifar da gansakuka. A 1996 Paul Sears da Kevin Conlin suka fitar da wani haɗi da ake zubawa kullum, suka bar fosfet, ɗaya daga cikin sinadaran taki, a waje da gangan don a hana gansakuka abinci. Barr ya zo ya ce a'a, tsiron ne ake hana wa abinci, kuma tsiro mai yunwa shi gansakuka ke hawa. Shawararsa ita ce a zuba komai fiye da buƙata, a daina damuwa da gwaje-gwaje, ƙarshen mako a kwashe rabin ruwan a zuba sabo.

Ga yadda nake yi, kuma na lissafa shi a kan lita 100 don ya dace da naka. Gishiri biyu ne ginshiƙin abin: fotasiyam naitiret da monofotasiyam fosfet. Giram 1 na na farkon a cikin lita 100 yana ba da naitiret kamar miligiram 6 a kowace lita, da fotasiyam kusan 4. Giram 1 na na biyun yana ba da fosfet wajen miligiram 7 a lita, shi ya sa ɗan kaɗan ake taɓa shi. Auna kashi ɗaya cikin biyar na giram kullum wahala ce ko da ƙaramin sikeli irin na 'yan gwal, don haka jiƙawa nake yi: giram 60 na naitiret da giram 10 na fosfet a cikin rabin lita na ruwa mai tsabta. Idan ka ja mililita 10 da sirinji ka zuba, ka ba akwatin naitiret miligiram 7 da fosfet kusan ɗaya da rabi a kowace lita. Asabar, Litinin, Laraba nake zuba wannan. Lahadi, Talata, Alhamis kuma sai kwalbar takin ƙarfe da sauran ƙananan sinadarai. Juma'a bayan an sauko daga masallaci in canza rabin ruwa.

Abin da ya kwantar mini da hankali da wannan hanya lissafi ne. Idan kana kwashe rabi duk mako, ko da tsirran ba su sha komai ba, abin da zai taru ba zai taɓa wuce ninki biyu na abin da kake zubawa a mako ba. Amma fa ina da tukunyar iskar CO2, iskar da tsiro ke haɗa abincinsa da ita, da fitila mai ƙarfi. A haka tsirran suna shan takin kamar me, da yamma sai ka ga ƙananan kumfa suna fita daga ganye suna hawa sama, kuma aski nake musu duk mako saboda saurin tsawo.

Uwargida, Gusau

Malam, Allah ya ƙara ilimi, amma wannan hanya ta mai famfo a cikin gida ce. Mu ruwa a wurin 'yan garuwa muke saye. Akwatina lita 200, rabinsa jarka huɗu ke nan duk mako, ban da na girki da na wanki, kuma da bazara kowa ya san yadda kuɗin jarka ke tashi. Ba na iya canza fiye da jarka ɗaya ko biyu, shi ma ba kowane mako ba.

Don haka ni ɗigo-ɗigo nake yi. Kullum da safe kafin fitila ta kama nake ba su ɗan abin da za su cinye a ranar, babu ragowar da za a ce sai an kwashe. Daga baya ɗana ya nuna mini ashe har suna ke gare ta, PPS-Pro, su ma kullum suke zuba kamar mililita 1 ga lita 40. Ba ni da tukunyar iska, fitilata ma ba mai ƙarfi ba ce. Tsirraina ba sa gudu, amma ba sa mutuwa.

Kayan gwajin ruwa tsada gare su kuma ba ko'ina ake samu ba, sai na mayar da kainuwa ma'aunina. 'Yan ƙwarori kaɗan na ɗebo a bakin tafki, na wanke su sosai, na ajiye su a bokiti daban har na tabbatar ba su ɗauko tsutsa ko ƙwan katantanwa ba, sannan na sa su. Ita kainuwa a saman ruwa take, tana shan iska daga sarari, haske kuma ita yake fara samu. To in ta nuna alamar wahala, ba iska ba ce, ba haske ba ne, abinci ne ya gaza a cikin ruwan. In na ga sababbin ganyenta sun ƙanƙance, saiwarta ta yi tsawo zarara tana neman ƙasa, sai in ƙara ɗigo. In ta cika saman ruwa tana kore mai duhu, sai in rage, in kwashe rabinta in zuba a gindin shuka a tsakar gida. Kada dai a bar ta ta rufe saman gaba ɗaya, tsirran ƙasa za su rasa haske.

Malamin kimiyya, Zariya

Hajiya, gaskiyarki, kuma lissafin yana bayanki. Wanda ke canza kwata kawai, abin da zai iya taruwa ninki huɗu ne. Mai zuba naitiret 20 a mako sai ya wayi gari da 80 in tsirran ba sa ci. EI ba tare da canjin ruwa ba, ba EI ba ce kuma. Dabarar kainuwar nan zan gwada ta.

Mai shagon kifi, Kaduna

Ni abin da ya fi ɗaga mini hankali shi ne takin gona. Mu mutanen noma ne, kusan kowane gida akwai ragowar buhun NPK ko yuriya, sai mutum ya ce ai taki taki ne. Wani saurayi da ya sayi kifi a wurina ya jiƙa cokali ɗaya na NPK ya zuba. Washegari ya turo mini hoto: ruwan ya yi fari-fari, kifayen sun taru a sama suna buɗe baki, biyu sun riga sun juya ciki. Har yanzu in na tuna sai raina ya ɓaci, don halittu ne da aka ba mu amanarsu.

Dalili shi ne naitirojin ɗin da ke cikin takin gona yawanci amoniyam ne ko yuriya, ita yuriyar ma a ruwa amoniya take komawa. Ƙasar gona tana riƙe shi, akwatin gilashi kuwa kifi ne ke shaƙarsa. Kuma dafin yana ƙaruwa da zafi da kuma hawan pH, wato ma'aunin tsamin ruwa, wanda ke hawa in tsamin ya ragu. Daga pH 7 zuwa 8, kason amoniya mai dafi yana ninkuwa kusan sau goma. Don Allah a bar wa masara takinta.

Kai kuma ƙanena na Kano, tsirranka ba iri ɗaya suke ci ba. Amazon sword da Vallisneria sun fi son ci ta saiwa. Su nake binne wa ƙwayar taki a gindi, can ƙasa cikin tsakuwa, yadda ba za ta leƙo ba. In ba a samu ta kanti ba, ina mulmula yumɓu ƙanana-ƙanana da 'yan ƙwayoyin taki mai narkewa a hankali a tsakiya, in shanya su bushe, in tura da yatsa. Da zarar an binne, ba a tone wurin. Shi Anubias ɗan yankinmu ne, daga ƙoramun dazukan Yammacin Afirka da Kamaru ya fito, a inuwa yake rayuwa, ganye ɗaya sai ya ɗauki makonni. Ba a binne karansa, ruɓewa yake yi, kuma in haske ya yi masa yawa shi gansakuka ke fara kamawa.

A duba kuma wane ganye ne ya lalace. Naitirojin, fotasiyam da magniziyam, tsiro yana iya janye su daga tsohon ganye ya kai wa sabo, don haka rashinsu a tsofaffin ganye yake fara bayyana. Ƙarfe ba ya janyuwa, shi ya sa rashinsa sabon ganye yake koɗar da shi. Ruwan ɗorawa a tsohon ganye da huji-huji, kamar yadda ka faɗa, ni naitirojin da fotasiyam nake zargi. Juya kwalbar da ka saya ka karanta bayanta. Da yawa ƙarfe ne kawai a ciki da ƙananan sinadarai. Miyar da ba gishiri, ƙarin daddawa ba ya gyara ta.

Dattijo mai ritaya, Jos

'Ya'yana, ni ba ni da kwalba ko ɗaya. Ƙasa na shimfiɗa. Na ɗebo ƙasar lambu wadda na san ba a yi mata feshi ba, ba a kuma zuba mata kashin kaji ba, na tankaɗe, na jiƙa ina tsiyaye ruwan har ta daina kumfa. Na shimfiɗa kaurin inci ɗaya, na rufe da yashi mai ɗan gari-gari shi ma inci ɗaya, na cika akwatin da tsirrai tun ranar farko. Wata Ba'amurkiya, Diana Walstad, ita ta yi bayanin wannan hanya dalla-dalla a 1999. Ƙasar tana ciyar da saiwa, ruɓewar da take yi a hankali tana ba da ɗan CO2, abincin kifi da kashinsu kuma su ne takin yau da kullum.

Sai da haƙuri. Makonnin farko ƙasa tana fitar da amoniya, ban sa kifi ba sai da ruwan ya zauna. Ko ƙasar kanti mai tsada ta kamfanin ADA, wanda Takashi Amano na Japan ya kafa a 1982, haka take yi da farko. Matsalarta guda: in ka tumɓuke babban tsiro, ruwa sai ya yi jirwaye da laka. Ni da almakashi nake yanke shi daga gindi in bar saiwar ta ruɓe a ciki. Bayan shekaru ƙasar takan gaji, a nan sai ƙwayar yumɓun da ɗana na Kaduna ya faɗa. Ina jin sanyin Jos ma yana taimaka mini, ruwan ba ya yin ɗumi.

Ɗalibi, Sakkwato

Baba, mu kam zafi ne matsalarmu. A watan Afrilu da Mayu ruwan akwatina yana wuce digiri 30, ga ɗauke wuta. Na lura ranar da fitila ba ta kama ba, in na zuba taki, kwana biyu sai koren gansakuka ta sauko. Yanzu ranar da babu haske ba na zuba komai. Da na haɗa fitilar da ƙaramin sola, na tsayar mata da awa shida zuwa bakwai kullum a lokaci ɗaya, abin ya lafa fiye da duk wani canjin taki da na taɓa yi. Da hunturu kuma ruwa yana raguwa da sauri, kuma ruwan ne kawai ke tashi, gishirin yana nan, don haka ciko ba canjin ruwa ba ne.

Malam na Zariya, tambaya biyu. Wani ya ce in ba ni da fotasiyam in sa kanwa. Sannan na haɗa takin ƙarfe da na fosfet a kwalba ɗaya don sauƙi, sai wani gari ya kwanta a gindinta.

Malamin kimiyya, Zariya

Kada ka sa kanwa, ɗalibina. Mafi yawanta sodiyam ne da kabonet, abin da tsiro ke nema ba ya cikinta sai ɗan abin da ba a rasa ba, kuma za ta ɗaga maka pH, ka ji abin da ɗan'uwanmu na Kaduna ya ce game da amoniya. In fotasiyam kawai kake so, nemi fotasiyam salfet. Magniziyam kuwa gishirin Epsom ne na kantin magani, marar turare.

Garin da ya kwanta ƙarfe ne ya haɗu da fosfet, sun zama abin da ba ya narkewa, tsiro ba zai amfana da shi ba. Dalilin raba musu kwalba da rana ke nan. Ka duba kuma sunan sinadarin da aka riƙe ƙarfen da shi don ya zauna a narke. Mai EDTA yana sakin ƙarfen in pH ya haura 6.5, mai DTPA yana jurewa har wajen 7.5, mai EDDHA ya fi su juriya amma yana sa ruwa ya yi ja-ja. Masu ruwan burtsatse mai barin farin tabo a buta, DTPA ya fi muku. Kwalbar takin ƙarfe a ajiye ta a duhu, haske yana lalata ta. Masu ruwan rijiya a cikin gari kuma su nemi a gwada musu ko sau ɗaya, don wata rijiyar da naitiret ɗinta take zuwa, ba sai an ƙara ba.

Uwargida, Gusau

Ɗana na Kano, tunda ba ka ambaci tukunyar iska ba, na ɗauka ba ka da ita. To ka haɗa kwalbar Malam, amma maimakon mililita 30 a mako ka tsaya a 10, ka rarraba ta cikin kwanaki. Ka binne wa sword ɗin nan biyu ƙwaya a gindi, ka goge gilashin, ka rage awannin fitila. Ganyen da ya riga ya huje ba zai warke ba, yanke shi. Sabon da zai fito shi za ka zuba wa ido, kuma kada ka sake taɓa komai sai bayan mako uku. Ka turo mana hoton sabon ganyen kusa-kusa, ka kuma faɗa mana ruwan famfo ne ko na burtsatse, don ba ka faɗa ba.