Neman kalmar Hausa: me za mu kira "journeyman" a wasan hoki na ƙanƙara?

Sadiya_Rediyo: Salam jama'a, don Allah agaji. Gobe ƙarfe 7 na safe zan karanta labarin wasanni kuma akwai wani ɗan hoki na ƙanƙara ɗan Kanada, Mike Sillinger, da Turawa ke ce ma "journeyman". Mutumin nan ƙungiya 12 ya buga wa a gasar NHL, babbar gasar hoki ta Amurka da Kanada, ba wanda ya kai shi, sau 9 ana musayarsa, har laƙabi suka sa masa da ke nufin akwatin tafiya. Detroit ce ta fara ɗaukarsa a 1989, ya ƙare a New York Islanders a 2009 da ciwon ƙugu. Kalma ɗaya nake so wadda mai sauraro zai gane nan take.

Baffa_Fagge: Ɗan ci-rani. An gama.

Ummi Zinder: Ni falke ya zo min a rai, yau yana wannan kasuwa gobe yana waccan.

Habu Golan Unguwa: Sojan haya mana

Sadiya_Rediyo: Habu a'a, sojan haya akwai zagi a ciki. Mutumin da ya buga wasa 1,049 ya zura 240 a raga ba zan kira shi haka a iska ba wlh.

Malam Na-Allo: Duk kun hau dokin kuskure, kun ga kalmar kun zaci daga tafiya ta fito. Asalinta daga Faransanci ne, kalmar yini, wato ma'aikacin da ake biya kuɗin yini. Yaron da ya gama koyon sana'a maigida ya yaye shi amma bai buɗe shagon kansa ba, ya iya aiki sarai sai dai ba shi ne oga ba. Saboda haka na ƙirƙiro mazagayi, jam'i mazagaya, a kan ma'aunin matafiyi da manomi.

Baffa_Fagge: Malam da girmanka, ka ce ba daga tafiya ta fito ba sannan ka kawo mana zagaye? In dai bayaninka za a bi ai ɗan ƙodago ne ya dace.

Ummi Zinder: Kuma mazagayi ya yi kusa da makewayi Malam, mai sauraro zai kai hankalinsa wani wuri.

Malam Na-Allo: Matsalarmu ke nan. Bature ya ƙirƙiri kalma mu karɓa hannu bibbiyu, namu ya ƙirƙira sai a fara tsince-tsince. Ita kanta "hoki" ɗin wa ya ce a yi amfani da ita? Ƙwallon gora muka sani tun muna makaranta.

Habu Golan Unguwa: Malam ba ƙwallo ba ce fa, na kalla a waya, wani ɗan baƙin faifai ne na roba kamar murfin gwangwani mai kauri, zamewa yake a kan ƙanƙara, su kuma takalmansu da ƙarfe a ƙasa kamar wuƙa.

Malam Na-Allo: To faifan gora. Ni dai kada a ce hoki.

Ummi Zinder: Mu a nan ko ka ce ƙwallon gora ba kowa zai gane ba, kullum ku mutanen Kano sai ku yanke hukunci kamar Hausa ta tsaya a Kwanar Dangora. Mu ma muna sauraren rediyon nan.

Baffa_Fagge: Hajiya Ummi daidaitacciyar Hausa dai a kan ta Kano aka gina ta, wannan ba ni na faɗa ba

Ummi Zinder: An gina ta, ba a ce ku kaɗai kuka gaje ta ba.

Sadiya_Rediyo: Don girman Allah ku dawo, dare na yi ban rubuta komai ba. Abin da ke damuna da ci-rani da falke ɗaya ne, su da ƙafarsu suke tafiya, ɗan ci-rani shi ke ɗaure kayansa bayan an gama girbi kuma ya san damina na zuwa zai koma gida. A NHL ba haka ba ne, ƙungiya biyu ke shiryawa su yi musayar ɗan wasa, in babu sharaɗin hana hakan a kwantiraginsa sai dai a kira shi a ce haɗa kayanka, ga iyali ga yara a makaranta. A 2001 haka aka ɗauke shi daga Florida mai zafi zuwa Ottawa ana dab da ƙare kakar wasa, ya yi musu 'yan wasanni kaɗan, kaka ta gaba yana Columbus. Kuma ba don ba ya da amfani ba ne, gwani ne wajen ƙwace faifan in alƙalin wasa ya sake shi tsakanin mutum biyu, shi ya sa kullum akwai mai nemansa, sai dai ba tauraron da za a riƙe ba ne. Wannan nake so kalmar ta ɗauka.

Habu Golan Unguwa: Kamar Anelka ke nan?

Baffa_Fagge: A'a Anelka tauraro ne, ya buga wa Arsenal da Real Madrid da Chelsea. Wannan irin birkilan nan ne da duk mai gini ke kira amma ba ya da kamfani. Yayana haka ya yi shekaru, Abuja, Kaduna, Legas, jakarsa ɗaya da cokalin gini a ciki, ba ya ma kwance ta gaba ɗaya in ya zo gida. Ci-rani muke cewa ya tafi, kuma ba wanda ya taɓa jin raini a ciki.

Malam Na-Allo: Ci-rani a kan ƙanƙara? Da hunturu suke wasan nan fa.

Ummi Zinder: Nan kam Malam ya yi gaskiya. Amma ai yanzu har wanda ya tafi Turai ana cewa ɗan ci-rani, ba wanda ke duba lokacin shekara.

Sadiya_Rediyo: To ga abin da zan karanta: "ɗan wasan ci-rani, wanda ƙungiyoyi 12 suka yi ta karɓa-karɓa da shi". Karɓa-karɓar za ta nuna ba shi ke zaɓa ba. Hoki kuma zan bar shi hoki na ƙanƙara, Malam a yi min afuwa.

Malam Na-Allo: Ban gamsu ba 'yata, amma karɓa-karɓar ta yi. Mazagayi na nan a rubuce a littafina. Wane mita ne tashar taku?