An sa sabbin fahamat amma birki bai daina ƙara ba

Direba a Jidda:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Camry ce ƙirar 2010, an sa mata sabbin fahamat (takalman birki masu kama faranti) na gaba amma ƙara tana nan. Tsuwwa siririya idan an zo tsayawa a danja, da safe kuma kamar ana karce ƙarfe na ɗan lokaci. In an gangaro daga Ɗa'if ta hanyar Hada, sitiyari sai ya riƙa rawa da an taka birki. Mai warsha (gareji) ya ce a canza hobat, wato farantan birki. Masu sani, me kuka gani?

Bakanike a Sana'iyya (unguwar gareji):
Wa alaikumus salam Malam. Abu uku ka lissafa, kowanne da dalilinsa, kada a haɗa maka su a kuɗi ɗaya.

Na safe tsatsa ce. Danshin teku na Jidda yana sa farantin birki ya yi ja cikin dare, taku uku ko huɗu ya goge. Wannan ba ciwo ba ne.

Tsuwwar kuwa, bayan sabon aiki, yawanci daga hannun wanda ya ɗaura ne. A bayan kowane fahama akwai siririn gwangwani mai shanye girgiza. Yara da yawa suna jefar da shi tare da tsoffin, sai ƙarfe ya zauna kan fistin kai tsaye ya riƙa kaɗawa. A kwance taya a duba ko yana nan. Sannan a zaro ƙusoshi biyun da kalifa (ƙarfen da ke matse fahamat kan faranti) ke zamewa a kansu, a wanke, a shafa giris na silikon. Giris na yau da kullum yana kumbura robar da ke rufe su, ƙura ta shiga, ƙusar ta maƙale. Alamar haka ita ce fahama ɗaya ya fi ɗan'uwansa cinyewa, ko taya ɗaya ta fi zafi bayan tafiya. Kunnuwan fahamat ma a ɗan shafa musu giris na birki, amma ko ɗigo kada ya taɓa fuskar da ke kama faranti.

Kuma an zaunar da su bayan ɗaurawa? A samu hanya babu cunkoso, a sauko daga gudun 60 zuwa 10 da taku matsakaici kamar sau goma ba tare da tsayawa cak ba, sannan a yi tafiya su huce.

Mai makhraɗa (injin fere ƙarfe) a Makka:
Alhaji, maganar hobat a auna kafin a yanke hukunci. A jikin farantin an buga mafi ƙarancin kaurin da aka yarda da shi. Na wannan Camry sabo milimita 28 ne, iyakarsa 25. In yana da saura, kuma zanen da ke jikinsa bai yi zurfi ba, za a iya fere shi. In ferewar za ta kai shi ƙasa da 25, sabo za a saya, kuma guda biyu, hagu da dama. Siririn faranti ba ya ɗaukar zafi.

Rawar sitiyari daga nan take: kaurin farantin ya bambanta wuri-wuri, ko ya zauna a karkace. Abin da ya wuce milimita 0.05 ƙafa tana jinsa. Tsatsar da aka bari a mazauninsa tana jawo haka, haka ma ɗaure notin taya da bindigar iska ba awo. Awon ƙarfin ɗaurin notin wannan motar 103 Nm ne, a ɗaure su a giciye.

Direban Hiace, layin Makka da Ɗa'if:
Ɗan'uwa, duk gyaran da aka yi, in ana sauko Hada da ƙafa kan birki tun daga sama, matsalar za ta dawo. Zafi yana gasa fuskar fahamat ta yi santsi da sheƙi, daga nan tsuwwa, kuma kamun ya ragu. A mayar da giya 2 ko L, inji ya riƙe motar, birki a taka a saki. In an iso ƙasa kada a tsaya a danne birki kan faranti mai zafi, yana barin tabo a wuri ɗaya.

A duba man birki. Nau'in DOT 3 sabo yana tafasa a digiri 205, in ya sha danshi yana iya saukowa wajen 140, lokacin ne feda ke nutsewa a gangara. Duk shekara biyu a canza shi.

Ƙarar da ba a jinkiri da ita ita ce gurza mai nauyi, ƙarfe kan ƙarfe. Fahama in ya kai milimita 3 a cire shi, kada a jira wannan.