Kuɗin iyaye: a sayi kwamfuta ko a sayi littafi?

Baban Ummi: Assalamu alaikum jama'a. Kamar yadda aka faɗa a taron ranar Asabar, abin da ya taru a asusun iyaye bana abu ɗaya zai ɗauka. Ko kwamfuta goma sha biyu na hannu da sola, ko littattafan lissafi da Turanci na manyan azuzuwa da gyaran benci. A wajen taron Kofa, ɗan bautar ƙasa na makarantarmu, ya yi wata magana da ta tayar da ƙura, ya ce yaron da bai taɓa kwamfuta a makaranta ba an kayar da shi JAMB tun kafin ya fito daga gida. Ba mu gama ba aka kira La'asar. To ga fili, amma don Allah ban da habaici.

Kofa: Wa alaikumus salam. Baba, har yanzu ina kan bakana. JAMB ta fara jarrabawa da kwamfuta a 2013, zuwa 2015 ta ajiye takarda da fensir gaba ɗaya. Shekara goma ke nan da ɗoriya. WAEC ma ta fara da masu zaman kansu a 2024. Mu kuma har yau yaro yana gama aji shida bai san inda ake kunna ta ba. Ni na raka yaranmu atisaye wata cibiya a hanyar Bauchi, da idona na ga wata yarinya, wadda ke ɗaukar na ɗaya a ajinsu, ta ɗaga maus sama tana nuna gilashin kamar rimot ɗin talabijin. Yaran wata makaranta suka tuntsire da dariya. Daga nan hannunta ya fara rawa. A ainihin jarrabawa tambaya 180 ce cikin awa biyu, agogo ba ya jiran mai kunya. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Malamin Lissafi: Ƙanena, na ji tausayin yarinyar, amma ka faɗa wa mutane sauran labarin. JAMB ba ta ma buƙatar maus. Haruffa ne 'yan kaɗan: A, B, C, D na amsa, N ka je gaba, P ka koma baya, S ka miƙa. Ko mai sayar da dankali a Farin Gada ka zaunar da shi tsakanin Azahar da La'asar zai iya. Abin da ba a koya tsakanin Azahar da La'asar shi ne rabi a haɗa da kashi uku cikin huɗu. Jiya na ba 'yan aji biyar, yara fiye da sittin, ban samu goma da suka ci ba. Waɗannan ko ka ba kowa kwamfuta ta gwal, C za su yi ta dannawa har lokaci ya ƙare.

Maman Sadik: Malam a bar Farin Gada a zancen nan, mu ma muna da POS 😂

Malamin Lissafi: Tuba nake Hajiya.

Kofa: Malam, dannawa daban, sabo daban. Karatu a gilashi ba ɗaya yake da karatu a takarda ba. Ba ka iya ja wa jimla layi, ba ka iya juya shafi ka leƙa. Yaron da ya saba yana tunanin tambaya, wanda bai saba ba yana tunanin kar ya taɓa wani abu ta mutu.

Malamin Lissafi: To duba sakamakon 2025. Cikin yara fiye da miliyan 1.9, sama da miliyan 1.5 ba su kai maki 200 cikin 400 ba. A cikinsu akwai 'ya'yan Legas da Abuja da aka haifa da waya a hannu.

Kofa: Shekarar da ka zaɓa ke nan? Ai ita ce shekarar da Farfesa Oloyede, shugaban JAMB a lokacin, ya fito ya nemi afuwa har da hawaye, aka ce yara kusan 380,000 a Legas da kudu maso gabas su sake zama saboda na'ura ta yi kuskure.

Malamin Lissafi: Madalla. Ka ga kai da bakinka ka ce na'ura ta yi kuskure.

Baba Hedimasta: Ku dakata yara. Ni na girmi wannan gardamar. Muna firamare majigi ake kawowa a mota, a kafa farin ƙyalle a fili, a ce ga abin da zai wayar da kan kowa. Bayan nan aka ce rediyo, aka ce talabijin. Kowanne da ya zo sai a ce malami ya kusa hutawa. A 2007 an raba wa yaran wata firamare a Galadima, can Abuja, wasu ƙananan kwamfutoci masu launin kore, na shirin nan na kowane yaro da tasa. Duniya ta zo ta ɗauki hoto. A 2013 Gwamna Aregbesola ya raba wa ɗalibai tabilet ɗin Opon Imo a Osun. Ku tambaya yau ina suke.

Amma abin da ya fi ci min rai wanda na gani ne da kaina. Makarantar da na yi aiki kafin in ajiye, wani ɗan siyasa ya ba mu kwamfuta ashirin. An yanka zare, an ci shinkafa. Sai aka ce kar yara su lalata, aka sa kwaɗo, makulli yana aljihun shugaba. Babu malamin da aka koya wa, babu wanda aka ce shi ne mai gyara, kuɗin man janareta kuwa ba ya cikin kowane lissafi. Bayan shekara uku masu duba makarantu za su zo, aka buɗe ɗakin don a share. Ƙurar hunturu ta kwanta a kansu har kana iya rubuta sunanka da yatsa. Ɓera ya cinye wayoyi, zanzaro ya yi gini a bayan guda biyu. Huɗu ne suka tashi. Ni ba na ƙin kwamfuta. Ɗakin nan mai kwaɗo nake tsoro, kuma ban ji ɗayanku ya yi zancensa ba.

Maman Sadik: Baba kun faɗi gaskiya. Ni dai uwa ce, ga abin da na sani. Sadik ya ce in saya masa waya don aikin gida, na daure na saya. Yanzu ƙarfe ɗayan dare in na leƙa, bargo yana haske kamar an kunna aci-balbal a ciki, TikTok yake. Kuma tun da aka ƙara kuɗin kira da data kashi 50 a farkon 2025, abin da nake sa masa na wata ba ya kai mako biyu. Amma kuma in faɗi ɗayan gefen, yayarsa da za ta rubuta JAMB sai da na biya kuɗi a waje ta je koyon dannawar nan, ga kuɗin Keke daga Rikkos kullum. Da a makaranta aka yi da na huta. Don haka ni ban san inda zan tsaya ba wallahi.

Malamar Turanci: Hajiya wayar da ke hannun yaro da dare ai ba ita ake magana ba, ko da yake ita ma ta shigo mana aji ta taga. Zangon da ya wuce na ba da insha'i a kan kasuwar unguwarku. Yara goma sha ɗaya suka kawo min Turanci mai santsi wanda ni kaina ba zan rubuta ba, duk kasuwar ba ta da suna, ba ta da wari, ba mai tura baro. Ɗaya ya kwafo har da layin ƙarshe inda ChatGPT ke tambayarsa ko yana so a ƙara masa tsawo. Na kira shi gaban aji na ce ya faɗa min ma'anar kalmar farko ta sakin layi na biyu, ya tsaya yana kallon silin. Tun daga nan a aji ake rubuta min insha'i, ina tsaye.

Amma kar Malamin Lissafi ya yi murna tukuna. Ni da wayata da ƙaramar sifika ta Bluetooth nake koyar da furuci, kuma abin da na kasa cusa musu a zango guda na bambancin f da p, sun kama a mako biyu da suka ji bakin wani ba nawa ba. Akwai kuma dandalin karatu na intanet, Nigeria Learning Passport, da ma'aikatar ilimi ta tarayya da UNICEF suka buɗe a 2022, kyauta ne, har da darussa cikin Hausa. Ni a wajena tambayar ita ce a hannun wa za a sa na'urar. A Edo da suka fara shirin gyaran ilimi na EdoBEST a 2018, malamai suka ba tabilet ɗin, darasin ranar yana ciki.

Kofa: To Anti kina tare da ni ke nan.

Malamar Turanci: A'a. Kai kwamfuta sha biyu kake so ga yara ɗari huɗu. Ni majigi ɗaya nake so da kwamfuta ɗaya da wutar da ba ta ɗaukewa, aji duka su gani lokaci guda.

Alhaji Mai Yadi: Jama'a akwai sabbin shaddodi sun iso, mai so ya yi min magana ta gefe.

Baban Ummi: Alhaji don girman Allah.

Injiniya: Ni mai gyara ne, bari in yi maganar sana'ata. Kwamfutar hannu da ake kawowa ta waje, yawanci batir ɗinta ya gaji, in ta riƙe awa ɗaya ka gode Allah. Ke nan komai ya dogara da sola. Sola kuma ba faifan da ke kan rufi ne mai tsada ba, batir ne da inbata, kuma batir yana da ranar mutuwa. Ku tuna watan Agusta a garin nan, sai a yi kwana uku ba a ga rana sosai ba. Ga tsawar Jos, in ba a yi wa ginin maganinta ba dare ɗaya za ta ƙona inbata. Ga ɓarayi, faifan sola yanzu ya fi akuya saurin ɓata. Duk wanda ya kawo muku lissafin saye bai kawo na shekara ta biyu ba, rabin lissafi ya kawo. Abu ɗaya da zan ba Kofa: atisayen JAMB ba ya buƙatar intanet. Akwai manhajojin tsofaffin tambayoyi da ake sawa sau ɗaya su yi aiki ba data. Wannan ya cire damuwar Hajiya.

Malamin Lissafi: Ko ƙasashen da suka ƙoshi sun fara ja da baya. Faransa ta hana waya a firamare da ƙaramar sakandare tun 2018. Suwidin a 2023 ta ce a koma wa littafin takarda ga ƙananan yara. A Peru an raba kwamfutocin nan da Baba ya ambata dubu ɗaruruwa, da aka auna ba a ga lissafi ko karatu ya ƙaru ba.

Kofa: Malam, Suwidin ta ci ta ƙoshi ne ta ture kwano. Mu ko hannu ba mu wanke ba. Kuma ko sun koma littafi, yaransu ba sa ɗaga maus sama.

Alaramma: Salamu alaikum. Na daɗe ina karantawa. Mu a tsangaya kowane yaro da allonsa tun kafin a haifi kakan kwamfuta, kuma ba a taɓa cewa allo ne ya yi hadda ba. Sai malam ya biya maka, ka maimaita, ya ji da kunnensa, sannan ya ce ka wanke. Yanzu almajiraina suna sauraron Husari a waya, kuma tajwidinsu ya gyaru, ba zan ɓoye ba. Amma na kama wani da ya haddace kuskure saboda ya ji ba daidai ba kuma wayar ba ta tsayar da shi ba. Wata biyu muna fama kafin ya saki.

Malamar Turanci: Allah gafarta Malam, abin da nake ta son faɗa ke nan.

Kofa: Allah gafarta Malam, amma ai ba ku hana su wayar ba.

Alaramma: Ban hana ba. Bayan Isha'i nake karɓewa.

Maman Sadik: Zan turo muku Sadik.

Baba Hedimasta: Kofa, tambaya ɗaya ɗana. Yaushe za ka gama bautar ƙasa?

Kofa: Saura wata huɗu Baba.

Baba Hedimasta: To wa zai koyar bayan ka tafi?

Kofa: Kafin in tafi zan koya wa malamai biyu, in an ba ni su. Na yi alkawari a gaban kowa. Amma a ba ni waɗanda suke so, kar a turo min wanda aka tilasta.

Malamin Lissafi: Ni ba na cikin biyun. Amma in za a rage zuwa kwamfuta shida, sauran a sayi littafin lissafi ko da yaro uku ne littafi ɗaya, zan yi shiru. A yanzu ni kaɗai ke da littafin a ajin, rabin lokacin darasi a kwafe allo yake tafiya.

Injiniya: Shida ko sha biyu, kuɗin sola ba zai ragu da rabi ba fa. Kar a yi lissafin dokin rano.

Baban Ummi: To ga yadda za a yi. Injiniya ka kawo mana farashi kala uku a rubuce, na shida, na sha biyu, da na majigin Malama, kowanne da kuɗin gyaran shekara biyu. Malam ka kawo na littattafai daga kasuwa, kar ka karɓo daga bakin dillali. Asabar bayan Azahar. Benci kuwa ba wanda ya ce komai a kai, alhali 'yan aji huɗu su biyar suke zama a na mutum uku.

Baba Hedimasta: A sa zancen makulli a ajanda. A hannun wa zai zauna?

Maman Sadik: Ni dai motar tumatir ta iso, sai Asabar.