Za a sake titin layinmu: me ya kamata a gama a ƙasa kafin a zuba kwalta?

Ɗan Tudun Wada:
Assalamu alaikum. An zo an sa alama a layinmu a nan Tudun Wadar Zariya, za a kankare tsohuwar kwalta a sake titin, a gina kwata gefe da gefe. Bututan famfon gidaje da yawa a cikin tsohuwar kwatar suke kwance, babban bututun kuma yana ƙarƙashin titi. Kwamitin unguwa zai zauna da ɗan kwangila. Don Allah masana, me za mu nace a kai, kuma wane aiki ne ke gaba da wane? Gudunmu kada a gama titi a dawo ana fasa shi wajen neman bututun da ya fashe.

Injiniyan hanya:
Wa alaikumus salam, Malam. Abin da ya fi zurfi shi ake fara yi: kwalbati da kwata, sai bututun ruwa, sannan cikon titi, kwalta ce ta ƙarshe. Amma tambayar farko da za ku yi wa ɗan kwangila ita ce: ina ruwan zai fita? A nuna muku mafitar a takardar awo, ku kuma taka ku gan ta da ido, ko babbar magudana ce ko rafin da ke gangarawa kogin Kubanni. Daga can ake fara gini ana hawowa. In aka fara daga sama, sau da yawa sai a iso ƙarshe a tarar gindin kwatar ya fi mafitar zurfi, ruwa ya kwanta.

Gangaren kada ya gaza rabin mita a kowace mita 100, in ba haka ba yashi zai riƙa zama. Girman kwata kuwa da ruwan Agusta ake lissafa shi, domin Zariya na samun kusan milimita 1,000 a shekara, kuma mafi yawansa cikin 'yan watanni yake sauka. Kwalbatin da ke tsallaka titi ya kai faɗin santimita 90, don mutum ya iya shiga yasa. Kaurin bangon kwata santimita 15, kankare da rodi, kwaɓin siminti ɗaya, yashi biyu, tsakuwa huɗu, a yi ta ba shi ruwa kwana bakwai. Bulo da filasta ba ya jure nauyin tifa in ta raɓi bakin titi.

Abin da aka fi mantawa shi ne tsayin titi. In aka jibga marmara a kan tsohon titi ba a kwashe ba, sabon zai fi dokin ƙofar zaure tudu, ruwan sama ya juya cikin gidaje. Gidan ƙasa kuwa daga gindin katanga yake fara ci. A auna ƙofofi da wuriyar kowane gida tun kafin gireda ta shigo.

Tsohon ma'aikacin ruwa:
Injiniya ya yi bayani, Allah ya saka. Ni maganar bututu zan ɗora, don a nan cutar take. Famfo a Zariya ba kullum yake zuwa ba. Idan aka ɗauke ruwa, bututun ya zama fanko, sai ya riƙa tsotso ta duk inda yake yoyo. In a cikin kwata yake kwance, dagwalon zai ja, ranar da ruwa ya dawo daga matatar ruwa ta Shika shi zai fara isa randar mutane. Ta haka taifod da amai da gudawa ke shiga gida. Kada ku yarda a mayar da bututu ko ɗaya cikin sabuwar kwata.

Ku rubuta wa hukumar ruwa ta jihar Kaduna tun yanzu, ma'aikatanta su zo a haƙa ƙananan ramuka da hannu a gano inda babban bututun ya bi kafin katafila ta sa baki. In tsohon na asbestos ne, wato irin na siminti, ba ya jure girgizar rola, gara a sauya shi da baƙar roba ta HDPE, a fitar da shi gefen titi. A binne shi zurfin mita ɗaya, a shimfiɗa masa yashi santimita 10 zuwa 15, babu dutse. Duk inda ya yi kwana a zuba masa kankare a baya, in ba haka ba ƙarfin ruwa zai ture mahaɗin. Inda layin gida zai tsallaka titi ko kwata, a saka shi cikin wani bututu mai faɗin inci huɗu, yadda gobe za a zaro shi a sauya ba tare da an taɓa kwalta ba. A bar wasu fanko da aka toshe bakinsu saboda gidajen da ba su ja ruwa ba tukuna.

Kafin a rufe rami a gwada layin da matsi ninki ɗaya da rabi na wanda zai yi aiki da shi, a duba kowane mahaɗi. Sannan a cika shi da ruwan kulorin ya kwana awa 24, a wanke. Cikon ramin kuma santimita 15 zuwa 20 ake yi, a yayyafa ruwa a daddaɓe, a ƙara. Ramin da aka ture wa ƙasa lokaci guda shi ne kuke gani ya lotsa kamar kwari a tsakiyar titi bayan damina ɗaya.

Ɗan Tudun Wada:
Na gode ƙwarai, Baba. To ruwan wanka da na bayi fa? Gidaje da dama kwata suke sake wa.

Jami'ar tsafta:
Malam, yawancin unguwannin Zariya ba su da babban bututun kwashe ƙazanta, shadda da sokawe ake amfani da su, don haka kwatar titi ta ruwan sama ce. Ruwan bayi kada ya shiga ko kaɗan. Duk gidan da ya jona shaddarsa da tsohuwar kwata a yanke, ya haƙa sokawe a cikin filinsa, nesa da rijiya da aƙalla mita 15, in fili ya ba da dama a kai 30. Bututun sha ya bi ta saman na ƙazanta in sun gitta, da tazarar kusan rabin mita. Ruwan wanke-wanke kuma a sa masa ƙaramin akwati mai raga a bakin wuriya, ya tare leda da ɓarɓashin abinci. In za a rufe kwatar da silab, a bar murfin da mutum biyu za su iya ɗagawa duk bayan 'yan mitoci, kuma mai unguwa ya tsayar da ranar yasa a watan Afrilu, kafin ruwan farko.