Bitamin D da ciwon Kawasaki: shawarwarin da aka tsayar a kai

Tattaunawar da iyaye suka yi da likitocin yara kan kumburin jijiyoyin jini ta fi karkata ga ciwon Kawasaki, wanda likitan Japan Tomisaku Kawasaki ya bayyana a 1967. Ya fi kama 'yan ƙasa da shekara 5.

Iyaye mata sun matsa da tambaya: ƙarancin bitamin D ne ke jawo shi? Likitocin suka ce an samu bitamin ɗin ya yi ƙasa a jinin yara da dama masu ciwon, kuma yana taimaka wa garkuwar jiki, amma ba shi ne maganin ba. Kada a ɗura wa yaro shi barkatai, yawansa na illata ƙoda. Jariri mai shan nono, ma'auni 400 na IU (ma'aunin da ake auna bitamin da shi) a rana ya isa, bisa umarnin likita.

Inda aka fi daɗewa, kuma a ganina nan ne ya cancanta, shi ne alamomin. Zazzaɓi ya kai kwana 5 bai sauka ba, idanu jajur amma babu kwantsa, leɓe ya tsattsage, harshe ya yi ja, tafin hannu da ƙafa sun kumbura. Yana kama da ƙyanda, shi ya sa ake zama a gida ana jiƙe-jiƙe. A garzaya asibiti! Ana so a yi ƙarin ruwan garkuwa ta jijiya cikin kwana 10 na farko; in ba a yi ba, kusan yaro ɗaya cikin huɗu jijiyoyin zuciyarsa kan buɗe fiye da ƙima.